Ƙwaro Mai Walƙiya da Ƙwaro Masaƙi: Wanne Ne Maɓarnaci?

Sau da yawa manomi yakan tarar da wata farar saƙa kamar yanar gizo a jikin ɓawon itace, sai hankalinsa ya tashi, ya sayo magani ya fesa. Amma in ya ga wani kyakkyawan ƙwaro mai walƙiya, kore ko ruwan zinariya, sai ya ƙyale shi. To, a nan kuskuren yake.

Mai farar saƙan nan shi ne ƙwaro masaƙi. Siriri ne, jikinsa da taushi, galibi bai kai inci ɗaya ba. Zaren da yake saƙa da shi daga ƙafafunsa na gaba yake fitowa. A cikin saƙar yake zama, in an taɓa shi sai ya ruga da baya. Matar ba ta da fukafukai, ita ke tsaron ƙwai, 'ya'yan kuwa da kamanninta suke fitowa, ba su zama tsutsa. Abincinsu gansakuka ne da ruɓaɓɓen ganye da busasshen ɓawo, watau ba ruwansu da ɗanyen itace.

Shi kuwa mai walƙiya bayansa da tauri, irinsa sun kai wajen 15,000 a duniya. Da yawa cikinsu matar takan yi ƙwai a tsagar ɓawo. Ƙwan ya ƙyanƙyashe farar tsutsa mai faɗin gaba, ta shige ƙarƙashin ɓawo tana ci, tana yanke hanyar da abincin itacen ke bi. Kafin mai gona ya farga, reshe ya bushe. Alamarta ita ce wata hanya mai kwana-kwana cike da garin itace, da ƙaramin rami inda ƙwaron ya fita. A shekarar 2002 aka gano wani irinsa a Amurka wanda ya zo daga Asiya, ya kashe itatuwa miliyoyi, ɗaukar itacen wuta daga gari zuwa gari kuwa ya taimaka masa yaɗuwa.

Saboda haka kada a ɓata kuɗi a kan masaƙi. Mai walƙiya ya fi kama itacen da fari ko gobara ko sara ya raunana. Sai a riƙa ba dashe ruwa da rani, a hana cinna wuta kusa da shi. Reshen da ya kamu a sare a ƙone nan take, kada a kai shi kasuwa. Wanda ya yi shakka ya nuna wa malamin gona.