George the Poet: mawaƙin da ya ƙi karɓar lambar yabon daular Birtaniya

A watan Nuwamban 2019, wani matashi ɗan asalin Yuganda da ke zaune a Landan ya bayyana wa masu sauraronsa cewa an yi masa tayin lambar yabo ta MBE daga masarautar Birtaniya, amma ya ce ba ya so. Sunansa George Mpanga, wanda aka fi sani da George the Poet, wato George mai waƙe. Mawaƙi ne, marubuci, kuma mai gabatar da shirin sauti na intanet da ake kira fodkas. Wane ne shi, kuma me ya sa ya mayar da abin da wasu ke shekaru suna nema?

Daga unguwar talakawa zuwa Kambirij

An haifi George ranar 14 ga Janairun 1991 a Neasden, arewa maso yammacin Landan, a rukunin gidajen gwamnati na St Raphael's, inda mafi yawan mazauna masu ƙaramin ƙarfi ne. Iyayensa 'yan Yuganda ne. Kakarsa ta wajen uba, Joyce Mpanga, ta taɓa riƙe muƙamin minista a can.

Ya yi sakandare a Queen Elizabeth's da ke Barnet, makarantar da sai an ci jarrabawa mai wuya ake shiga. Yana da kimanin shekara 15 ya fara waƙar gambara irin ta samarin Landan. Daga nan ya samu gurbi a King's College ta Jami'ar Kambirij, inda ya karanci siyasa, ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa.

A jami'ar ne ya sauya salo. Ya lura cewa kiɗa da saurin baki na gambara kan sa masu sauraro su bi rawa su bar magana. Sai ya rage gudu, ya koma furta waƙe a tsanake, salon da masu jin Faransanci suka sani da slam. Abin da yake faɗa bai sauya ba: talauci, gidajen yari, makaranta da rayuwar baƙaƙen fata a Birtaniya.

Kamfanin kiɗa bai riƙe shi ba

Bayan ya gama jami'a ya ƙulla yarjejeniya da Island Records, kamfanin da ya fito da Bob Marley a idon duniya. A 2015 ya shiga cikin mutum uku da aka zaɓa domin kyautar sababbin mawaƙa ta Brit, ya zo na biyar a jerin BBC na mawaƙan da ake sa ran za su haskaka a shekarar, ya kuma wallafa littafin waƙoƙinsa mai suna Search Party.

Duk da haka ya rabu da kamfanin ba tare da ya fitar da cikakken kundi ba. Matsalar a bayyane take. Kamfani na neman waƙar minti uku da rediyo zai yi ta maimaitawa, shi kuwa George yana neman fili ne da zai warware dalilin da ya sa yaron unguwarsu ke ƙarewa a kurkuku, ɗan wata unguwar kuma a jami'a. Minti uku ba ya ɗaukar wannan bayani.

Shirin da ya ba shi fili

Fodkas shiri ne na sauti da ake ɗorawa a intanet, mutum ya sauke a wayarsa ya saurara lokacin da ya ga dama. Ba ya buƙatar lasisin gidan rediyo, kuma babu wanda zai ƙayyade tsawonsa. A 2018 George ya fara nasa, mai suna Have You Heard George's Podcast?, tare da mai haɗa sauti Benbrick.

Shirin bai yi kama da hirar da aka saba ji ba. Kusan duk maganar a waƙe take, an haɗa ta da wasan kwaikwayo, kiɗa da sharhin labarai. Wani kashi ya duba gobarar benen Grenfell ta Yunin 2017, wadda ta kashe mutum 72, ta bakin wata malamar makaranta da ya ƙirƙira. Wasu sun taɓo cinikin baƙin haure a Libiya da siyasar Yuganda.

A 2019 shirin ya lashe manyan kyaututtuka biyar a gasar fodkas ta Birtaniya, har da na gwarzon shekara, kuma BBC ta ɗauke shi. Daga baya ya samu kyautar Peabody ta Amurka, wanda shi ne fodkas na farko daga wajen Amurka da ya same ta.

Me ya sa ya ƙi lambar?

Harafin ƙarshe na MBE yana nufin daula, wato daular mulkin mallakar Birtaniya. George ya ce ba zai rataya wannan suna a ƙirjinsa ba, saboda ɓarnar da mulkin mallaka ya yi wa ƙasar kakanninsa da 'ya'yan Afirka, matuƙar Birtaniya ba ta ɗauki matakin gyara abin da ta bari ba. Ya amsa cewa da farko ya nuna wa wanda ya gabatar da sunansa zai karɓa, ya kuma ba shi haƙuri. Kafin shi, mawaƙi Benjamin Zephaniah ya ƙi lambar OBE a 2003 bisa irin wannan dalili.

Abin da ya ƙara wa matakin nauyi shi ne George ba baƙo ba ne a wajen masarautar. Ranar 19 ga Mayun 2018, da waƙensa BBC ta buɗe shirin ɗaurin auren Yarima Harry da Meghan Markle. 'Yan makonni bayan haka, 'yan sanda suka tare shi a Landan suka yi masa binciken tsirara, ba su samu komai ba. Masu sukarsa na cewa ƙasar da ta ba shi ilimi da suna yake yi wa butulci. Magoya bayansa na nuni da waɗannan al'amura biyu a matsayin amsa.

Muhawarar ba baƙuwa ba ce a yankin Sahel. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar sun cire sunan Janar de Gaulle daga wani babban titi a Yamai, suka sa na Djibo Bakary. Tambayar ɗaya ce: me ake yi da sunaye da alamomin da mulkin mallaka ya bari?

Wa ke cin ribar kiɗan baƙar fata?

A 2024 ya fitar da wani littafi, Track Record, wanda ya haɗa tarihin rayuwarsa da nazarin masana'antar kiɗa. Hujjarsa ita ce, kiɗan da aka haifa a unguwannin baƙaƙen fata ya zagaye duniya yana kawo maƙudan kuɗi, amma mallakar waƙoƙin da ribar na hannun manyan kamfanoni, unguwannin kuma suna nan yadda suke. A kan wannan batu ya shiga karatun digirin digirgir a University College London.

Wannan tambaya ta shafi duk matashin da ke ɗora waƙarsa a YouTube ko TikTok daga Yamai, Maraɗi ko Kano, musamman ranar da aka miƙo masa takardar yarjejeniya ta farko domin ya sa hannu.