Baƙon da ya kwana uku: abin da manzanni suka bar wa ikilisiya kan kuɗi da rabo

A shekarar 1873, wani malamin cocin Girka mai suna Filoteyos Briyeniyos yana bincike a wani ɗakin karatu a Istambul, sai ya ci karo da wani kundi da aka kwafa da hannu a 1056. A cikinsa akwai ɗan littafi mai babi 16 wanda magabatan Kirista suka sha ambata, amma an yi ƙarnoni ba a sa shi a ido ba. Shi ne Didake, Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu. Ya buga shi a 1883, kuma galibin masana na ganin an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na farko.

Mai neman zurfin tauhidi ba zai ƙoshi da shi ba. Littafi ne na tafiyar da jama'a: yadda za a yi baftisma in babu ruwa mai gudu, azumin Laraba da Juma'a, da yadda za a yi da baƙon da ya zo yana cewa shi manzo ne. A nan marubucin bai yi kwana-kwana ba. A karɓi baƙon hannu bibbiyu, a sauke shi kwana ɗaya, ko biyu in ta kama. In ya kai uku, annabin ƙarya ne. In zai tafi, guzurinsa gurasar da za ta kai shi zango na gaba. In ya nemi kuɗi, asirinsa ya tonu.

Da za a kafa wannan ma'auni a ƙofar wasu tarurrukan da ake yi a manyan garuruwa, inda ake sa wa addu'a farashi, ake sayar da man shafewa da hankici, da masu wa'azi da dama sun naɗe tabarmarsu. Cutar ba ta yau ba ce. A Samariya, Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Ruhu, Bitrus ya fatattake shi.

Sai dai dattawan ikilisiya masu rowa kada su yi saurin murna. Littafin nan dai ya ce annabi na gaskiya da ya zauna cikin jama'a a ba shi nunan fari na hatsi da dabbobi, in babu shi a ba matalauta. Faston ƙauye da ke noma don baikon Lahadi ba ya riƙe gidansa yana da hujja a nan, ko da yake Bulus kansa ya ci abinci da ɗinkin tanti a Korinti.

Rigimar farko da ta girgiza ikilisiyar Urushalima ma ta rabon abinci ce. Babi na 6 na Ayyukan Manzanni ya nuna masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake matansu da mazajensu suka mutu. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a je a yi addu'a ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, har da Nikolas na Antakiya wanda asalinsa ba Bayahude ba ne. Ga dukkan alamu, ɓangaren da ya koka aka damƙa wa ludayin.

Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda ta samo tushe a Garkida a 1923, ta san nauyin wannan babi. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Cibok a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a watan Oktoba Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi, kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. 'Yan'uwanta na Amurka sun tara gudummawa, kamar yadda ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya suka tara wa matalautan Urushalima.

Tara kayan bai cika gagara ba. Inda ake gumi shi ne ranar rabo, a ikilisiyar da ta haɗa ƙabilu biyar ko shida, ake sujada da Hausa amma ake zaɓen dattawa ana duba harshen gida. Mai riƙe da takardar sunaye a ranar, shi ke yanke wa za ta koma gida da buhun masara, wa za a ce ta dawo wani mako.