Ɗakin da ke kulle wata goma sha ɗaya: yadda ake shirya wa baƙon hutu masauki a Kauru

Tun kafin Gwamnatin Tarayya ta ayyana ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu a matsayin hutu, ofisoshin Sakatariyar Tarayya da ke Abuja sukan fara zama wayam. Ma'aikata da hadiman manya 'yan asalin Ƙaramar Hukumar Kauru sukan ɗaure kaya, wasu su bi ta Bwari da Jere da Kwoi zuwa Kafanchan, wasu kuma ta Kaduna da Pambeguwa. Da yawansu ba su kaɗai suke tafiya ba. Akwai abokin aiki da aka daɗe ana yi wa alkawarin kai shi gida, akwai suruki, akwai wanda zai wuce Kagoro kallon bikin Afan ranar 1 ga Janairu yana neman inda zai yada zango.

A can gida kuwa akwai ɗaki guda da ke jiransu. Ma'aikacin ya gina shi ne da kuɗin adashi ko rancen ƙungiyar ofis, ya zuba katifa da labule, ya sa kwaɗo, ya koma Abuja da makullin a aljihu. Nan matsalar take farawa. Ɗakin da ya sha damina guda a rufe ba ya karɓar baƙo a ranar da aka buɗe shi, komai tsadar abin da ke ciki.

Saukar baƙi ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. Kauru tsohon gari ne da ya yi zamani a ƙarƙashin Masarautar Zazzau, kuma tsarin gidan Bahaushe tun asali ya ware wa baƙo wurinsa: zaure a bakin ƙofa, sai ɗakin baƙi ko na samari a ƙofar gida, nesa da cikin gida inda mata suke. Baƙo ya samu sakewa, matan gida su ma su samu tasu. A yankunan Kumana da Chawai, kamar Geshere da Damakasuwa, inda Kirsimeti ke tara dangi daga ko'ina, abin da aka saba shi ne a tashi matasan gida daga ɗakinsu a ba wanda ya zo daga nesa. A duka tsarin biyu, ɗakin da ake ba baƙo ɗaki ne mai rai, ana shararsa, iska na ratsa shi. Ɗakin ɗan Abuja ne kawai ke zaman kabari daga Janairu zuwa Disamba.

Don haka aikin farko shi ne makulli ya riga mai shi isa gida da aƙalla mako guda. A buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da katifa da matasai da barguna a shanya su a rana kwana biyu ko uku, domin warin rumar damina ba ya jin turaren wuta. Rana ce kaɗai maganinsa. A ɗaga gado a duba ƙafafunsa ko gara ta ci, a leƙa silin saboda ɓera da jemage, a kaɗe bayan akwatuna da tsintsiya mai dogon hannu, don kunama ta fi son irin wannan lungu da ba a taɓawa. A bi ɗinkin katifa da ido. Kuɗin cizo guda ya isa ya sa baƙo ya ƙirƙiro uzurin komawa Abuja washegari, kuma ba zai taɓa faɗin dalilin gaskiya ba.

Idan za a yi feshi, a yi shi a farkon makon, da maganin da aka yi domin ɗaki. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan zuba maganin ƙwarin gona a wurin kwana, amma har yanzu akwai gidajen da ke yayyafa fiya-fiya da magariba, su shigar da baƙo bayan isha. Gidan sauro ya fi wannan aminci, ko da sauro ya ragu da rani.

Sai batun sanyi, wanda mazaunin Abuja kan raina. Ƙasar Kauru ta jingina da tuddan Filato ta gabas, kuma hunturun ƙarshen Disamba a can ba irin na Garki ko Kubwa ba ne. Bargo ɗaya ba ya isa. A toshe kafar taga da ƙarƙashin ƙofa inda jaura ke shigowa, a ajiye man shafawa saboda kaushi da tsagewar leɓe, a kuma tanadi wanda zai ɗora ruwan wanka da asuba. Abin da ba a yi ko kusa shi ne shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi na fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke sa barci mai nauyi da ba a tashi daga gare shi. Janareta ma haka yake. Tsoron ɓarayi kan sa a jawo shi baranda ko ƙarƙashin taga, alhali wurinsa can nesa ne a fili, bututun hayaƙinsa na kallon waje. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gidaje da dama sun koma ƙaramar sola da fitila mai caji, kuma ta wannan fuska tsadar ta yi rana. Baƙo ba ya buƙatar fiye da fitilar da hannunsa zai kai gare ta a duhu da wurin cajin waya. A kuma gaya masa layin da ke kamawa a garin, da kusurwar gidan da yake kamawa.

Da Sallah lissafin yakan juye, domin a 'yan shekarun nan tana faɗowa ne a bazara da farkon damina: abin nema shi ne iska, ruwan randa, da rufin da ba ya yoyo.

Kauru ƙasa ce ta Musulmi da Kirista, ofisoshin Abuja ma haka suke, don haka sau da yawa baƙon ba addininsa ɗaya da mai masaukinsa ba. Musulmin da ya zo Kirsimeti ya tarar da buta da darduma a ɗaki, an nuna masa alƙibla, an kuma gaya masa wanda ya yanka naman tun bai tambaya ba, to an ɗauke masa nauyin tambayar da kunya ke hana yi. Kiristan da ya zo Sallah a sanar da shi inda coci mafi kusa yake da wanda zai raka shi. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma an mayar da karin maganar mafakar masu kasala. Fara'a ba ta maye gurbin makewayi mai tsabta da ƙofa mai sakata.

Akwai baƙon da kusan kullum ake mantawa da shi, kuma hadiman manya sun san shi sarai: direba, da ɗan sandan rakiya. Maigida ya shige ɗaki mai labule, su kuma su kwana a mota cikin hazo, da safe a miƙa wa direban sitiyari ya yi tafiyar sa'o'i da idon da bai runtsa ba. Hadimin da aka turo ya shirya masauki, in bai ƙirga da su ba, bai gama aikinsa ba.

Batun tsaro ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ke bin labaran yankin. Ƙauyuka a Kauru da maƙwabtanta sun sha hare-hare da garkuwa da mutane. A tsara tafiya yadda za a iso da rana tsaka, a sanar da mai unguwa cewa gida na da baƙo, kada a jera motoci masu lambar gwamnati a ƙofar gida, hotunan Facebook kuma su jira sai an koma.

Duk wannan hidima a wuyan wasu take: uwa, matar wa, ƙannen da ke jan ruwa a rijiya ko layin burtsatse. Kuɗin da ake turowa ranar 23 ga wata ba ya sayen rana ukun da katifa ke buƙata, kuma yakan tarar da kasuwa ta riga ta hau. Wanda ya turo nasa a farkon Disamba, ya haɗa da na itace da sabulu da ladan mai ɗebo ruwa, ya kuma faɗi adadin mutanen da ke tafe da kwanakin da za su yi, shi ne mutanen gida ke murnar jin ƙarar motarsa.

Idan baƙi sun tafi, a wanke barguna, a jingine katifa a bango a lulluɓe ta, a bar makullin a hannun wanda zai riƙa buɗe ɗakin ko sau ɗaya a wata.