Kwamfutarka Na Yawan Ɗaukewa Kana Tsakiyar Aiki? Ga Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Kashe Kuɗi

'Yan uwa mazauna Agege, Sabo Ibadan, Anaca da Fatakwal, musamman masu tace bidiyon biki da masu zanen fosta, wannan bayani naku ne. Mu ma nan Tirwun a Bauchi matsalar ɗaya ce: kana cikin aiki sai allo ya yi baƙi, ko ya daskare, ko ya koma shuɗi kwamfuta ta sake tashi, aikin mutane ya salwanta. Sau da yawa laifin na katin hoto ne, wanda masu gyara ke kira girafik kad, ko kuma na direbansa, wato manhajar da ke haɗa katin da Windows.

Tun daga Windows Vista, idan katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows kan tayar da direban da kanta. In ta dace, allo zai ƙifta ya dawo. In ta kasa, sai shuɗin allo ya fito da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE. Ka ɗauki hotonsa da waya, domin yakan nuna sunan fayil: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys kuma na Intel. Ka ga ka san inda za ka dosa.

Fara da direba tunda shi kyauta ne. Idan matsalar ta soma bayan sabuntawa, shiga Device Manager ka mayar da tsohon direban. In bai yi ba, sauke manhajar DDU, ka tayar da kwamfutar a Safe Mode, ka goge direban gaba ɗaya, sannan ka ɗora sabo daga shafin kamfanin. Mai laftof ya fara neman na HP, Dell ko Lenovo, gwargwadon tasa.

Na biyu zafi. A nan Arewa ƙurar hunturu kan toshe fanka, ga zafin Maris da Afrilu ya biyo baya. Ku a Kudu laima ce ke sa ƙurar ta manne kamar laka. Ɗora GPU-Z ka duba: in katin na haura digiri 90 lokacin aiki, a buɗe a hure shi, a canja man sanyayar da ya bushe. Kuma don Allah a daina ɗora laftof kan katifa.

Na uku wuta. Idan sai an kunna janareto ko an fara aiki mai nauyi take mutuwa ɗif, ba ko shuɗin allo, ka zargi akwatin wutar kwamfutar ko cajar da ba ta asali ba. Sitabilaiza ta fi sabon kati araha.

To in ka ga ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi tun a tambarin farko, kafin Windows ta buɗe, kuma ka gwada wani allo da wata wayar haɗi ba su ɓace ba, katin ne da kansa. Wasu masu gyara kan gasa shi da iska mai zafi ya farfaɗo, amma sau da yawa ba ya daɗewa, kar ka biya kuɗi mai yawa a kai.

Saura masu saye. A Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙa, sai katunan da suka kwana suka wuni suna aiki suka cika kasuwar gwanjo ta duniya. Mu 'ya'yan kara mun san ba a sayen sa sai an duba haƙori an ga tafiyarsa. Ko a Computer Village ta Ikeja ne ko Alaba, ka ce a kunna maka FurMark na minti 20 a gabanka kana kallon zafin, kuma a rubuta maka kwanakin garanti a rasit kafin kuɗi ya bar hannunka.