Ma'anoni biyu na kalmar «komi» a jihar Maraɗi

A nan za mu duba kalmar «komi». A Dakoro, ƙasar kiwo da rijiyoyi masu zurfi, komi itace ne da aka fafe don shayar da bisashe. A bakin ruwa kuwa, kamar tafkin Madarumfa da ke kudu da Maraɗi, kalmar tana nufin ƙaramin jirgin su: masunci yakan tsaya cikinsa, ya tuƙa da filafili, sa'an nan ya jefa birgi, don sai daga tsaye ragar take buɗewa sosai. Ke nan siffa ce ta haɗa ma'anonin, ba aiki ba. A ganinmu, wajibi ne ƙamus na makaranta ya kawo su duka, in ba haka ba ɗan Dakoro zai ɗauki jirgi a matsayin mashaya.