Abin da ke ɓoye a kwalin kaset ɗin wasa

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a rumfa ya san kaya ba su yin magana, amma kwalinsu yana yi. Mai atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ba ya yanke farashi sai ya juya bakin turmi ya karanta rubutun da ke jiki. Mai canji yana ɗaga takardar jikka goma sama don ya ga hoton da ke cikin ruwanta, ya kuma san harafin H na Nijar ne, K na Senegal, A na Kodibuwa. Sai dai akwai wata haja da ta ratsa hannun ƴan kasuwar Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa a shekarun 1990 ba tare da an yi mata irin wannan kallo ba: kaset ɗin wasan telebijin na yara. Aka ɗauke ta wasa, alhali a kwalinta akwai darasin ciniki.

Yadda hoto ya zama alkawari

Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto na Japan a 1889 yana buga karta, ya fito da na'urar Famicom ranar 15 ga Yuli 1983. A wannan shekara ce kasuwar wasannin ta durƙushe a Amurka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu saye sun gaji da cinikin biri a sama: a kwali a zana jarumi kamar zai yi magana, in an kunna sai a tarar da ƴan ɗigo-ɗigo marasa fasali.

Da Nintendo ya shiga Amurka a 1985 da na'urar NES, sai ya sake dabara. Ya yi baƙaƙen kwalaye, ya ɗora musu hoton wasan kamar yadda zai fito a telebijin, ya kuma buga hatiminsa na shaidar inganci. A kwalin Super Mario Bros., mai lura zai ga Mario ya yi tsalle dab da bango, ga narkakkiyar wuta a ƙarƙashinsa. Wato hoton da ya sayar da miliyoyin kaset, hoton jarumi ne da ke gab da halaka, kuma yara da yawa sun girma ba su ankara ba.

Ba kowane kamfani ya bi wannan hanya ba. Kwalin Mega Man na Amurka, na 1987, ya nuna wani magidanci riƙe da ƙaramar bindiga, alhali a cikin wasan yaro ne na ƙarfe wanda hannunsa shi ne makaminsa. Sojoji biyun da ke kwalin Contra na 1988 sun yi kama da Schwarzenegger da Stallone, taurarin da duk wanda ya zauna gidan kallon bidiyo ya sani, amma babu ɗayansu a wasan. Phalanx na 1992 ya fi su duka: wasan yaƙin jiragen sararin samaniya ne, sai aka cika kwalin da wani tsoho mai gemu yana kaɗa banjo, ɗan uwan gurmi, jirgin kuma aka maƙale shi can baya.

Abin da ya iso kasuwanninmu

Kaɗan ne daga waɗannan kwalaye na asali suka zo ƙasar Katsina da Gobir, galibi a jakar ma'aikacin da ya dawo daga ƙaro ilimi a Faransa. Irin waɗannan suna ɗauke da haruffa FRA ko FAH a lambarsu, alamar an yi su ne don kasuwar Faransa. Haruffan ba ado ba ne. Akwai wani ɗan makulli a cikin NES da ke hana kaset ɗin Amurka aiki a na'urar Faransa. Ga kuma bambancin wuta, 110 a Amurka, 220 a Nijar, da bambancin tsarin hoto, domin a zamanin Nijar tana kan SECAM, Nijeriya tana kan PAL, Amurka tana kan NTSC. Wanda bai karanta kwali ba yana iya ƙona na'urarsa, ko ya samu hoto fari da baƙi.

Abin da ya cika rumfuna shi ne kwaikwayon Famicom da ake ƙerawa a Taiwan da Sin. Bayan karya darajar CFA a watan Janairu 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100, kayan Turai suka fi ƙarfin albashi, araha ta zama sarki. Amma araha ba ta ado. A goshin kaset a rubuta wasa 9999 ko fiye, a ciki kuwa ƴan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Daga baya har aka yi PolyStation, mai siffar PlayStation na kamfanin Sony, wanda in aka buɗe murfinsa ba gurbin faifai za a gani ba, sai ramin kaset. Iyaye da dama sun yi wa rogo kallon kitse a jajibirin salla.

Bambance su ba shi da wuya. Kaset ɗin NES na asali dogo ne, ruwan toka, mai haƙora 72, yayin da na Famicom da kwaikwayonsa gajeru ne masu haƙora 60. Na asali yana ɗauke da sunan kamfani, da shekara, da lambar kaya. Na jabu kuwa hotonsa sau da yawa ba shi da haɗi da abin da ke ciki.

Kalma ɗaya, miliyan 80

A yau waɗannan ƙananan alamomi su ne ke yanke farashi a kasuwar gwanjo. A watan Fabrairu 2019 an sayar da Super Mario Bros. kan dalar Amurka 100,150, saboda an rufe kwalinsa da ƴar takardar manne, shaidar cewa yana cikin bugun farko-farko. A watan Nuwamba 2020 gidan gwanjo na Heritage da ke Dallas ya sayar da Super Mario Bros. 3 kan dala 156,000, wato sama da miliyan 80 na CFA. Abin da ya ɗaga shi: kalmar Bros. tana gefen hagu, ta rufe wani sashe na farar safar hannun Mario, kafin a matsar da ita dama a bugun baya. A watan Agusta 2021 wani Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2, fiye da miliyar guda na CFA.

Kada wannan lissafi ya sa magidantan Tsibiri su birkice ɗakunan ajiya. Kuɗin nan na kwalayen asali ne da ba a taɓa buɗewa ba, kuma farashin ya sauka sosai bayan 2021. Kaset mai wasa 9999 da ya sha ƙura da zafin bazara ba shi da wata daraja sai ta tunawa da ƙuruciya.

Ribar da ta rage ita ce ta ido. Kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa a yau sun sake, wayar salula ce, da caja, da batirin sola, da magani, amma dabarar mai jabu ba ta sake ba: babban hoto a gaba, gaskiya a ƙaramin rubutu a baya. Ɗan kasuwar da ya juya kwali kafin ya biya ya tsare jarinsa da mutuncinsa wurin masu saye, haka ma ma'aikacin da ke sa hannu kan takardar karɓar kayan gwamnati. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma sai an tsaya an duba.