Wa Ya Taka Doka a Kan Jirgin Saiga?

Ranar 24 ga Oktoba, 1997, wani jirgin dakon mai da ake kira Saiga ya tashi daga Dakar ɗauke da man gas kimanin tan 5,400. Sana'arsa ita ce bin jiragen kamun kifi a tsakiyar teku yana sayar musu da mai, wato gidan mai ne na tafi-da-gidanka. Ranar 27 ga wata ya ɗura wa jirage uku, biyu masu tutar Senegal, ɗaya mai tutar Girka, kuma dukansu suna da lasisin kamun kifi daga gwamnatin Gini. An yi cinikin ne kimanin mil 22 na teku daga Alkataraz, wani ɗan tsibiri mallakar Gini. Washegari da misalin ƙarfe tara na safe jirgin sintirin Gini ya buɗe masa wuta, jami'ai suka hau, suka tasa ƙeyarsa zuwa Konakiri. Aka juye man, kotu ta kama kyaftin da laifin fasa-ƙwauri, ta ci shi tarar da ta haura faran biliyan 15 na kuɗin Gini.

In aka buga wannan labari a takardar gwajin fahimta, aka ce wa ɗalibi ya nuna wanda ya taka doka, alƙalaminsa ba zai yi wata-wata ba: Saiga ne. Amma ranar 1 ga Yuli, 1999, Kotun Duniya ta Dokar Teku da ke Hambog a Jamus, ƙarƙashin shugabancin Thomas Mensah ɗan Ghana, ta ce Gini ce ta yi ba daidai ba, ta umarce ta da biyan diyyar dala 2,123,357. Ta yaya wanda ya yi kamu ya koma mai biya? Amsar tana cikin kwanaki da milamilan da aka lissafa a sama, da kuma yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka rattaba wa hannu a Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994. Sai dai a bi su sannu a hankali.

Kafin komai, jirgin na wane ne? Kamfanin da ya mallake shi a Saifurus yake, masu kula da shi suna Gilasgo, waɗanda suka yi hayarsa da masu man duk suna Janeba. Kyaftin da matuƙa 'yan Yukiren ne, sai masu fenti uku 'yan Senegal. Ƙasar da ta kai ƙara kuwa Saint Vincent da Grenadines ce, wasu ƙananan tsibirai a yankin Karibiyan, wadda ba ta da ɗa ko guda a cikin jirgin. Abin da ya haɗa ta da Saiga tuta ce kawai. Lauyoyin Gini sun ma tono cewa takardar rajistar wucin-gadi da jirgin ke riƙe da ita ta ƙare tun 12 ga Satumba, ta dindindin kuma ba ta fito ba sai 28 ga Nuwamba. Ashe ke nan ranar kamun jirgin ba shi da uwa ba shi da uba? Kotu ba ta yarda ba. Cikin dalilanta har da cewa Gini da kanta ta yi ta mu'amala da Saint Vincent a matsayin mai tuta tun farkon rikicin, ba ta ta da wannan magana ba sai daga baya. Ta kuma kafa ƙa'idar da ake bi har yau: jirgi da duk abin da ke cikinsa, mutane da kaya, abu guda ne a idon doka, kuma ƙasar da ya ɗauki tutarta ce ke shige masa gaba, ko 'yan ina ne matuƙansa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mil 22 ɗin nan ne ke kayar da mai karatu.

Yarjejeniyar 1982 ta yanka teku ziri-ziri daga gaɓa, kuma mil guda na teku mita 1,852 ne. Mil 12 na farko ruwan ƙasa ne, dokokinta suna aiki a ciki kamar a tudu, illa dai dole ta bar jiragen baƙi su wuce salin-alin. Daga nan zuwa mil 24 akwai zirin sa-ido. Sannan har zuwa mil 200 akwai yankin tattalin arziki na musamman, inda kifi da man fetur da sauran albarkatu suke hannun ƙasar da ke gaɓa, amma hanyar jirage ta kowa ce. To, 22 bai kai 24 ba. Ɗalibin da ya tuna cewa sashe na 33 ya ambaci kwastan a zirin sa-ido zai yi murna ya ce ga hujjar Gini ta fito. Ya karanta rabin jimla ne. Sashen ya ba ƙasa ikon sa ido a wannan ziri domin ta hana, ko ta hukunta, keta dokokinta na kwastan da haraji da shige-da-fice da lafiya, amma ketar da aka yi ko ake shirin yi a cikin ƙasarta ko cikin mil 12 ɗinta. Saiga bai shiga mil 12 ba, bai kuma nufi can ba. Da ya gama ciniki ma kudu ya miƙa.

Gini ba ta tsaya a kan sashe na 33 kaɗai ba. Dokarta ta kwastan ta shata wa kanta da'irar aiki har kilomita 250 daga gaɓa, wajen mil 135 na teku ke nan, can cikin yankin tattalin arziki. Hujjarta kuma mai taɓa zuciya ce. Ƙasa ce matalauciya, harajin mai na cikin abin da ke riƙe da baitulmalinta, kuma duk litar da jirgin kamun kifi ya saya a teku litar da bai saya a Konakiri ba ce. Ni a wurina wannan kuka na gaskiya ne, bai kamata a wuce shi da ɗaga kafaɗa ba. Sai dai kotu ta duba yarjejeniyar ta ga wuri ɗaya tak aka yarda ƙasa ta zartar da dokar kwastan a yankin mil 200: a kan tsibiran da aka gina da hannu da gine-gine irin dandamalin haƙar mai, kamar yadda sashe na 60 ya tanada. Da Gini ta ce larura ce ta sa, sai kotu ta amsa cewa babu shaidar wani haɗari babba da ke dab da afka mata, kuma ba za a ce miƙe dokar kwastan cikin teku ce kaɗai hanyar kare kuɗin shigarta ba. Da wannan, laifin fasa-ƙwaurin ya rushe daga tushe: dokar da aka ce an karya ba ta da hurumi a wurin da aka ce an karya ta.

Saura inda aka yi kamun. Labarin da muka fara da shi ya ce washegari, bai ce a ina ba, kuma mai karatu nagari zai lura da wannan giɓi. Bisa umarnin masu man daga Janeba, Saiga ya sauya hanya ya fice daga yankin Gini ta kudu, ta wajen Saliyo. Littafin tafiyarsa ya nuna tun ƙarfe 4:20 na asuba yake tsaye, ruwa na ɗan jansa, yana jiran wasu masu saye. Gini ba ta musa cewa a wajen yankinta ta kama shi ba. Ta ce biyo shi ta yi da zafi-zafi, kuma sashe na 111 ya halatta wa ƙasa ta bi mai laifi har ya fita ruwanta.

Gaskiya ne ya halatta, amma da sharuɗɗa, kuma kotu ta ce sai sun cika gaba ɗaya, faɗuwar ɗaya faɗuwar duka ce. Dole a sami ƙwaƙƙwaran dalilin cewa jirgin ya keta doka. Dole a ba shi alamar tsayawa, ta gani ko ta ji, daga nisan da zai iya gani ko ji. Kuma kada korar ta katse. A duba kwanan wata: ƙaramin jirgin sintiri mai lamba P35 an tura shi arewa neman Saiga ranar 26 ga Oktoba, tun kafin a ɗura wa jiragen ukun nan ko ɗigo. Da labari ya zo cewa Saiga ya sauya hanya, sai aka kira P35 ya komo. Wannan kiran, in ji kotu, ya yanke duk wata kora da za a ce an fara. Da jami'an Gini suka hango Saiga a na'urar rada wajen ƙarfe huɗu na asubar 28 ga wata kuwa, daga wannan nisa babu tuta ko jiniyar da za ta isa gare shi.

Wurin da labarin ya fi yi mini nauyi shi ne abin da ya faru a kan jirgin. Saiga na maƙare da mai, ya nutse ƙasa-ƙasa cikin ruwa, iyakar gudunsa bai wuce mil 10 a awa ba, hawansa ba wuya. Duk da haka an yi ta sakar masa harsashi daga jirgin sintiri mai tsala gudu, ba gargaɗi. Bayan sun hau, ba wanda ya ɗaga musu yatsa, amma suka ci gaba da harbi a kan bene, har injin ma da bindiga suka kashe shi. Mataimakin kyaftin na biyu ya sha harbi, ɗaya daga cikin masu fentin nan ya ji mummunan rauni, sai 1 ga Nuwamba aka bar su suka tafi Dakar neman magani. Mutumin da ya bar gida don ya shafa fenti ya samo na cefane, me ya haɗa shi da rigimar haraji? Kotu ta ce ko da kamu halal ne, ana fara wa da alama, sannan harbin gargaɗi ta gaban jirgi, ƙarfi kuwa sai an rasa yadda za a yi, shi ma da kiyaye rayuka. Alƙalai 18 suka tafi a kan wannan hukunci, biyu suka saɓa, Warioba na Tanzaniya da Ndiaye na Senegal. Kyaftin da jirginsa kuwa ba su bar Konakiri ba sai 28 ga Fabrairu, 1998, duk da cewa tun 4 ga Disamba kotun ta ce a sake su a kan belin dala 400,000 haɗe da man da aka riga aka juye.

Akwai tambaya guda da hukuncin 1999 ya bari a buɗe da gangan: shin ƙasar da ke gaɓa tana da ta cewa game da sayar wa jiragen kamun kifi mai a yankinta na mil 200? Kotu ta ƙi taɓa ta, domin Gini ta kafe cewa maganarta ta kwastan ce, ba ta kifi ba. Sai da maƙwabciyarta Gini Bisau ta kama wani jirgin dakon mai, Virginia G mai tutar Panama, a watan Agustan 2009, kan ya ɗura wa jiragen kamun kifi mai ba da rubutaccen izini ba. Ita a kan dokar kamun kifi ta dogara. Ranar 14 ga Afrilu, 2014, wannan kotu ta Hambog ta ce tsara yadda ake shayar da jiragen kamun kifi na baƙi mai yana cikin ikon da ƙasa ke da shi na kula da albarkatun ruwanta. Kamun Virginia G ya halatta. Ƙwace jirgin da man da ke cikinsa ne kotu ta ce ya wuce gona da iri, kuma a kansa ta umarci Gini Bisau da biyan diyya.